Ƙarfen da ya kwantar da ni wata biyu

Da ƙarfina na shigo harkar ɗaga ƙarfe, kuma ƙarfin ne ya cuce ni. Shekara uku ina dako a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ina sauke buhunan albasa daga manyan motocin da suka kwana a hanya daga Arewa. Saboda haka ranar da abokina ya kai ni wani wurin motsa jiki a bayan gida a Agege, da raini na shiga. Bencin katako ne an ɗaure masa guntun katifa, sai siminti da aka zuba a gwangwanin fenti ya daskare, da tsofaffin ƙarafan birkin mota da aka sayo a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo. Ba wanda ya san nauyin ko ɗaya. Ƙarami, na tsakiya, babba, haka ake kiransu. Ni kuwa babban na nufa kai tsaye.

Mai wurin dattijo ne, tsohon ɗan dambe, Baba muke ce masa. Ya ce, "Ɗana, fara da sandar ita kaɗai tukuna." Na ce, "Haba Baba, ni da nake ɗaukar buhu?" Bai ƙara cewa komai ba.

A mako na uku, da yamma wuri ya cika, na sunkuya zan ɗago ƙarfe daga ƙasa, baya a lanƙwashe kamar mai tsintar gyaɗa, sandar kuma ta yi nesa da ƙafata. Na fizga. Sai na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Ban yarda an gane ba, na ajiye na yi murmushi. Washegari ko ruku'u na kasa, a zaune na yi sallar asuba. Wata biyu ban je kasuwa ba, kuma ɗan dakon da ya kwanta ba mai biyansa ko sisi.

Ƙanena, buhu daban, sanda daban. Buhu wasu ke ɗora maka. Sanda kuwa kai za ka ɗauko ta daga ƙasa, kuma tana da ƙa'ida: gadon baya a miƙe, sandar tana gogar ƙwauri, ka ja numfashi ka ɗaure ciki kamar wanda za a nausa, cinya da ɗuwawu su yi aikin. Sandar maza ta gasa, irin wadda ake ɗagawa a filin wasa na ƙasa da ke Surulere, kilo 20 ce ita kaɗai, kuma ta ishi sabon shiga koyon wannan na makonni. Ka zaɓi nauyin da za ka ɗaga sau 8 zuwa 12 ba tare da jikinka ya karkace ba, ka maimaita zagaye uku. In ya yi sauƙi ka ƙara kilo biyu ko makamancin haka, ka rubuta a littafi, don ƙwaƙwalwa tana yi wa mutum ƙarya a gaban 'yan kallo.

Kafin ciwon ma ina wata wautar. Kullum ƙirji da damtse, kwana bakwai a mako, ƙafa kuwa kamar ta zakara saboda wando na rufe ta. Ban san tsoka a lokacin hutu take ginuwa ba. Wadda ka wahalar yau tana son kamar awa 48 kafin ka koma kanta, ga barcin awa bakwai ko takwas, abin da gosulon Legas ba ya barin kowa ya samu cikin sauƙi. Kwana uku a mako ya wadatar, a haɗa da tsuguno da ƙarfe a kafaɗa da jan nauyi don gadon baya.

Abinci kuma shayi da burodin Agege ne safe da dare, ina mamakin me ya hana ƙwanji fitowa. Mai gina jiki yana buƙatar furotin, wato sinadarin abinci mai gina tsoka, kusan giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 65 ke nan yana neman giram ɗari da 'yan kai, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal. Ba sai ka sayi garin furotin na gwangwani mai tsada ba. Wake, awara, kifin titus, kindirmo, ƙuli-ƙuli, duk suna nan a Agege da Idi-Araba, a rarraba su cikin yini.

Abin da na fi jin kunyar faɗa shi ne ƙwaya. Da na ga na rame a kwance, wani ya ba ni maganin ƙiba, ashe dexamethasone ne, wani maganin kumburi. Cikin 'yan makonni kumatuna suka cika, 'yan unguwa suna cewa Legas ta karɓe ni. Ruwa ne da kitse. Wannan maganin cinye tsoka yake yi, yana tayar da sukari da hawan jini, kuma wanda ya daɗe a kansa ba ya yanke shi rana ɗaya, sai likita ya riƙa rage masa a hankali. Haka aka yi da ni. Alluran gina tsoka da ake tallatawa a ɓoye su ma suna da nasu: ƙanƙancewar maraina, raguwar maniyyi, tsirowar nono ga namiji, da illa ga zuciya. Tramadol kuma ɓoye ciwon kawai yake yi har ka ƙarasa ɓarnar.

Da na warke na koma wurin Baba. Ya dube ni, ya dubi kumatuna, ya nuna min sandar nan da ba komai a kanta. Yara 'yan shekara 17 suna gefe suna ƙunshe dariya. Mako shida na yi da ita yana tsaye a bayana da sandar tsintsiya, duk sanda bayana ya lanƙwasa sai ya ɗan taɓa ni da ita ya ce, "Sake, ɗana."