Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Fayil ɗin Baba

A makon jiya na tsaya ne a inda Kawu ya je banki da katin da Baba ya bari a gida, ya tarar albashi bai shiga ba. Waɗanda suke biye da mu tun farko sun san cewa aikin ofis ne ya fitar da Baba, a motar ma'aikatarsu, aka tsinci motar a gefen hanya ba shi ba direban. Babu wanda ya kira neman fansa, babu kuma gawa.

Da muka je ma'aikatar ni da Kawu, wani dattijon magatakarda ne ya ciro mana fayil ɗin. Ya yi kauri har an ɗaure shi da zare, bayansa ya yi baƙi saboda hannu. A takardar da ke sama wani ya rubuta da jan biro cewa ma'aikacin ba ya zuwa aiki, kuma bai nemi izini ba. Kawu ya fara ɗaga murya, dattijon ya ce, "Alhaji, zauna. Faɗa ba ya goge jan biro." Ya bayyana mana cewa a ƙa'idojin aikin gwamnati rashin zuwa aiki ba izini babban laifi ne, yana kai mutum ga kora, don haka kafin a yi maganar kuɗi sai an nuna cewa ofis ne ya tura shi. Sai ya juyo gare ni ya ce, "'Yata, ki je sashen motoci, littafin fita yana wurinsu." A can na ga sunan Baba da sa hannunsa da ranar da ya fita. Wannan layi ɗaya ne ya mayar da shi daga wanda ya gudu zuwa wanda ya ɓace. Har yau ina yi wa dattijon nan addu'a, domin ba aikinsa ba ne ya nuna mana hanya.

Daga nan sai kamfanin da ke kula da asusun fanshonsa. Matar da ta saurare mu ta san aikinta. Ta ce dokar fansho ta 2014 ta tanadi abin da za a yi wa irinmu a sashe na 9: idan ma'aikaci ya ɓace, aka shekara guda daga ranar da aka bayyana ɓatansa ba a gan shi ba, hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, za ta kafa kwamitin bincike. In kwamitin ya ga hankali zai ɗauka cewa ya rasu, sai a bi da iyalinsa kamar iyalin mamaci. Abu biyu ke nan. Akwai abin da ya taru a asusunsa, inda ake cire kashi 8 cikin ɗari na albashinsa kowane wata, gwamnati ta ƙara kashi 10. Akwai kuma inshorar rai da doka ta wajabta a yi wa ma'aikaci, wadda ba ta gaza ninki uku na abin da yake samu a shekara. Ta lissafa mana abin da za mu kawo: rahoton 'yan sanda, wasiƙar ma'aikata mai tabbatar da ɓatansa, da cigiyar da aka buga a jarida. Kuɗin asusun kuwa ba ya fita sai da wasiyyar da kotu ta amince da ita, ko takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci. Kawu ya ce ai sunan wana, Yaya, ne Baba ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa. Ta ce wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne, bai sa shi ya zama mai kuɗin ba.

Na dawo gida ina ganin an samu mafita. Umma ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Wato ni zan kai takarda in roƙi mutane su zauna su ce Malam ya mutu?" Na ce ba haka ba ne, Umma, doka ce. Ta ce, "Wa ya yi masa wanka? Wa ya sallace shi?" Ban da amsa. Kawu ya yi ta lallashi, yana ce mata ta dubi yaran nan, ta ce tana dubansu, shi ya sa ba za ta mayar da su marayu da bakinta ba.

Liman da aka kira ya ƙara wa maganar wani reshe. Ya ce a mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace takan kai ƙara gaban alƙali, a yi bincike, ta jira shekara 4 kamar yadda Sayyidina Umar ya hukunta, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Dukiyarsa kuma ba a gaggauta rabata, kuma hukuncin yana canzawa gwargwadon yanayin da mutum ya ɓace a ciki, don haka magana ce ta alƙali. Wani lauya abokin Kawu shi ma ya kawo nasa: dokar shaida ta 2011 sai an shekara 7 ba a ji ɗuriyar mutum ba take ɗauka ya rasu. Shekara ɗaya, huɗu, bakwai, kowanne da hujjarsa, mu kuwa kuɗin makarantar ƙannena zangon karatu ɗaya kawai ya sani.

Maganar aiki ita ta fi ƙona mini rai. Duk wanda ya zo jaje sai ya ce ai za su ɗauki Yaya a gurbin mahaifinsa, haka ake yi. Yaya ya goge takardunsa na difloma ya sa a leda, muka samu ganin darakta. Mutumin kirki ne, ya san Baba, har ya share ƙwalla. Amma ya ce gurbin bai zama fanko ba tunda a takarda mai shi yana raye, kuma ko da an tabbatar da rasuwa kujerar gwamnati ba gado ba ce, ɗaukar ma'aikata yana hannun hukumar da aka kafa don haka. Abin da zai iya shi ne ya sa baki in an buɗe ɗauka. Ban ga laifinsa ba. Abin da na gani shi ne an bar iyali suna jiran alfarma a wurin da ya kamata a ce akwai ƙa'ida rubutacciya, alfarma kuwa tana bin wanda ya san wani ne.

Daga baya na karanta yadda gwamnatin tarayyar Indiya ta tsara nata. A can ana iya duba ɗaukar ɗaya daga iyalin ma'aikacin da ya ɓace aikin tausayi bayan shekara 2, in an kai rahoto ga 'yan sanda, an nema ba a same shi ba, kuma hukuma ta gamsu cewa ɓatan na gaske ne. Ba a yi wa wanda ake zargin ya yi almundahana ya tsere. Guraben ma ba su wuce kashi 5 cikin ɗari na ƙananan muƙaman da ake ɗauka kai tsaye ba. Ba yawa, amma mutum ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa da lokacin da zai jira.

A ƙarshe abu ɗaya Umma ta yarda da shi, cigiya a jarida, domin ita a wurinta wannan nema ne. Ita ta zaɓi hoton, aka sa lambar Kawu a ƙasa. Ba a daɗe da bugawa ba wayar Kawu ta fara ƙara cikin dare, wani mutum yana rantsuwa cewa ya san inda Baba yake, a tura masa kuɗin mota kawai. Yadda muka ƙare da shi, da yadda Umma ta kusa sayar da keken ɗinkinta a kansa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.