Firintar gida a Saudiyya: tambayi kuɗin tawada kafin kuɗin inji

Gidan da ke da yara 'yan makaranta a Jidda ko Makka ba ya rabuwa da buga takarda. Yau aikin gida ne malama ta turo ta waya, gobe kwafin igama, wato katin izinin zama, jibi tikitin jirgi da takardar fita da dawowa. Ɗaliban jami'ar Madina kuwa ba a magana. Shi ya sa mutum yakan shiga shagon Jarir ko eXtra, ya hango firinta mafi arha a kan kanta, ya sa a miƙo masa. Wata biyu tsakani tawada ta ƙare, ya koma saye, ya tarar kuɗin katirij biyu, baƙi da mai launi, ya kusa kamo kuɗin injin kansa. Araha dai ba ta ado.

Firintocin tawada iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai katirij, wato ɗan akwatin roba da ake cirewa a jefar in ya ƙare, kamar HP DeskJet 2720 da Canon PIXMA TS3340. Akwai mai tanki, wadda ake tsiyaya mata tawada daga kwalba, kamar Epson EcoTank L3250, da Canon G3420, da HP Smart Tank 580. Ta biyun ta ninka ta farko kuɗi a ranar saye, kuma nan ne yawancin mutane ke juya mata baya.

To amma a duba lissafi. Katirij baƙi na HP 305 an ƙiyasta masa shafi 120, babbansa mai alamar XL shafi 240. PG-445 na Canon kusan 180. Kwalbar baƙar tawada lamba 103 ta Epson kuwa, mai mililita 65, an ƙiyasta mata shafi 4,500. Kenan sai ka ƙarar da ƙaramin katirij 37 da ɗoriya kafin ka kamo kwalba guda. A ƙaddara katirij riyal 60 ne, shafi ɗaya ya tashi halala 50, wato rabin riyal. A ƙaddara kwalba riyal 45 ce, shafi ɗaya halala guda. Farashi yana motsawa, don haka ka raba kuɗin da ka gani a shago da adadin shafin da ke jikin kwali, ka ga naka lissafin. Su kansu waɗannan adadi daga gwajin kamfani suka fito, da takardun da ba su cika baƙi ba. Kwafin fasfo ko hoto cikakken shafi yana shan tawada ninkin-ba-ninkin, kuma katirij ɗin da ke zuwa cikin sabuwar firinta galibi ba cikakke ba ne.

Katirij mai launi yana da wata illa da mai shago ba zai faɗa maka ba. Launi uku ne a cikinsa, shuɗi da ja da rawaya, a ɗaki uku na akwati ɗaya. Rawaya ya ƙare, dole ka jefar da shi duka ko da sauran biyun na nan maƙil. A mai tanki kowane launi da kwalbarsa.

Duk da haka ban ce kowa ya sayi mai tanki ba, kuma dalilin shi ne zafin ƙasar nan. Tawada ruwa ce, tana fita ta wasu ƙofofi da suka fi gashin kai siranta a jikin kan da ke fesa ta. In firinta ta zauna ba aiki, tawadar bakin ƙofofin ta bushe ta toshe su, sai ka ga rubutu da fararen layuka a tsakiya, ko wani launi ya ɓace gaba ɗaya. Epson ta ƙayyade wa injinanta yanayin aiki tsakanin digiri 10 zuwa 35. Yanzu ka tuna da ɗakin da aka kashe wa na'urar sanyi aka kulle a watan Yuli, iyali suka tafi Kano hutun wata biyu. A firinta mai katirij irin 305 ko PG-445, kan fesawar a jikin katirij ɗin yake, don haka in ya bushe, sabon katirij ya magance matsalar. A Epson kan na dindindin ne, in ya toshe ya ƙi wankuwa sai wurin gyara, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Canon G3420 da HP Smart Tank suna tsakiya, domin ana sayar da kan fesawarsu daban, mai gida na iya canzawa da hannunsa.

Saboda haka, in gidanka na buga shafi 50 zuwa sama a wata, kuma ba a mako guda ba a kunna ta ba, sayi mai tanki, kada ka yi wata-wata. In shafi goma ne a wata, mai katirij ta ishe ka, ka riƙa sayen XL. Wanda sai lokacin sabunta igama yake tuna yana da firinta, shi kam tawada ba tasa ba ce, ƙaramar lesa baƙi da fari ta fi masa, tunda garin hoda take amfani da shi, ba ya bushewa.

A shago, ka fara duba lambar tawadar a jikin kwali, ka tabbatar tana nan a kan kanta. Kamfanoni suna raba katirij da yanki-yanki. Injin da ke shan 305 a nan, ɗan'uwansa na Amurka 67 yake sha, kuma ba sa karɓar na juna. Wannan ya fi cin masu oda ta intanet daga ɗan kasuwar da ba a san inda ya ɗauko kayansa ba. Sannan ka lura da Wi-Fi. Epson L3210 da L3250 kamar tagwaye suke a ido, amma ta farkon ba ta da shi, kuma a gidan da komai ta waya ake turowa wannan babban rashi ne. Da yawa daga masu arha zangon Wi-Fi na 2.4 GHz kaɗai suke kamawa, in ka haɗa ta da na 5 za ta ƙi, ka ɗauka ta lalace. Igiyar USB galibi ba ta cikin kwali. Fatura kuma, wato rasit, ka ɗauki hotonta, domin rubutunta yana gogewa da zafi, kuma ita ce shaidar garanti.

Ranar farko, mai tanki tana ɗaukar kusan minti goma tana jan tawada cikin bututunta. Kada ka kashe ta a tsakiya, iska za ta shiga. Tanki zai ɗan sauka, ba ɓarna ba ce.

Kula da ita abu kaɗan ne, amma sai da naci. Sau ɗaya a mako ka buga shafin gwajin ƙofofi, wanda ke fito da layukan launi huɗu. Ka riƙa kashe ta da maɓallinta, ka jira ta yi shiru, domin a lokacin ne kan ke komawa mazauninsa a rufe bakinsa. Zare filogi kai tsaye yana barinsa a buɗe. Nesanta ta da taga da bakin na'urar sanyi, ka lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura, wadda ke sa tayar jan takarda santsi har ta riƙa jan biyu ko ta ƙi ja. In layuka sun tsinke, ka yi wankin kai sau ɗaya ko biyu, in bai yi ba ka bar ta awa 12 kafin ka sake. Maimaita wanki babu hutu yana cinye tawada, yana kuma cika soson da ke shanye dattin a cikin inji, kuma in ya cika firinta takan tsaya cak. A G3420 akwatin soson, MC-G02, ana saye a canza a gida. A L3250 sai an kai wa masu gyara.

Mai niyyar tafiya da ita gida Najeriya ba shi da matsalar filogi, mai ƙafa uku ne nan da can. Amma mai tanki ba ta son a kifa ta ko a jingina ta a gefe, kuma masu lodin kaya ba sa duba kibiyar da ke jikin kwali. In tsaraba ce, a saya sabuwa a bar kwalaben a rufe, sai an isa a zuba.