Ku fara sanin jirgin kafin sunan mai zane

Ƙannena masu sha'awar tara zanen jiragen ruwan yaƙi, ina roƙonku ku koyi jirgin kansa tukuna, tutarsa da igiyoyinsa da jerin igwoyinsa, kafin ku haddace sunayen masu zane. Ni da sunaye na fara, na kuwa ji a jikina.

Na taɓa sayen zanen gumurzun da Birtaniya da Faransa suka yi ran 1 ga Yuni 1794. Dillalin ya rantse mini cewa a shekarar aka yi shi. Ga hayaƙi ya turnuƙe, ga filafilai a yayyage, nan take raina ya biya. Da na kai wa wani dattijo mai gyaran zane, sai ya nuna tutar jirgin da ɗan yatsa, ya ce, "Ɗana, wannan jan layin da ya gitta a karkace fa?" Jan gicciyen Ailan bai shiga tutar Birtaniya ba sai 1801. Tuta kaɗai ta ƙaryata dillalin, tana gabana ban gani ba.

Masu zanen da suka san teku ba sa irin wannan sakaci. Nicholas Pocock kyaftin ne kafin ya riƙi buroshi, kuma yana cikin jirgin Pegasus a wancan yaƙin. Willem van de Velde babba, mutumin Holan, yakan bi rundunar ƙasarsu a ƙaramin jirgi yana zana abin da idonsa ya gani. Sai dai kada ku ɗauka duk saɓani da tarihi jabu ne. Zanen da Turner, mai zane ɗan Birtaniya, ya yi na yaƙin Tirafalga da aka gwabza a 1805, wanda ke gidan tarihin teku na Greenwich a Landan, ya cusa lokuta dabam-dabam a fage ɗaya, har sojojin ruwa suka yi ta ƙorafi. Ni ina ƙaunarsa a hakan. Ku dai san abin da kuke nema, shaidar ido ko gwanintar hannu.

Ɓarnar da ta fi ci mini rai da hannuna na yi ta. Wani zane nawa man sheƙinsa ya tsufa ya yi rawaya, na sa auduga da sinadari na goge. Sama ta washe, amma igiyoyin jirgin suka bi audugar, don su ake zanawa a ƙarshe, sirara, a saman fenti. Ba su dawo ba. Ku bar wannan aiki ga masu shi.

Ku juya bayan zane ku karanta tambura da takardun da aka manna. Ku sa gilashin ƙara girma, in kun ga ɗigo-ɗigo a jere to bugun inji ne. A takardar gwanjo kuma, "ana danganta shi da wane" ba ɗaya ba ne da "aikin wane". In aka ambaci Aivazovsky, mai zanen teku na Rasha, ku ninka hattara, jabunsa sun yi yawa a kasuwa.