Ranar da aka ba ni kujerar Najeriya

Wata uku ke nan da zuwana Ingila karatun digiri na biyu kan hulɗar ƙasa da ƙasa, amma abin da ya same ni wata Talata a aji har yau bai bar raina ba.

A nan ba a karanto maka darasi ka rubuta ka haddace kamar yadda muka saba. Malama kan ɗauko rikici guda da ya taɓa faruwa, ta raba mu rukuni-rukuni, kowa ya hau kujerar wata gwamnati ya kare matsayinta. Da muka yi rikicin makamai masu linzami na Kyuba na 1962, ni na tsaya wa Tarayyar Sobiyet, na kuma fita kunya. Mako na gaba sai ta kawo rikicin Bakasi, yankin bakin teku da Najeriya da Kamaru suka yi jayayya a kansa. Ni kaɗai ne ɗan Najeriya a ajin. Takardun da ta raba ko buɗe su ban yi ba, na ɗauka ai maganar gida ce.

Wata ɗaliba Bajamushiya ce ta tsaya wa Kamaru. Ta kawo yarjejeniyar Birtaniya da Jamus ta 1913, ta kawo sanarwar Marwa kan iyakar teku da Gowon da Ahidjo, shugaban Kamaru na lokacin, suka sa wa hannu a 1975, ta nuna yadda Kotun Duniya ta dogara da su a hukuncin 10 ga Oktoba 2002 da ya ba Kamaru Bakasi. Sannan ta juyo ta tambaye ni dalilin da ya sa Obasanjo ya amince da yarjejeniyar Greentree ta miƙa yankin ga Kamaru a 2006 alhali sojojinmu na wurin. Wallahi bakina ya mutu. Ƙasata, a gaban baƙi, wata ta fi ni saninta.

Da dare na karanta takardun tsaf, a nan na ga ashe hukuncin ya haɗa har da yankin Tafkin Chadi, da Darak, inda Kawuna ya yi shekaru yana fataucin banda kafin a miƙa garin ga Kamaru a ƙarshen 2003. Ban iya jira gari ya waye ba, na kira shi.

"Kawu, Allah ya ƙara lafiya, yaya aka yi kuka zauna a Darak?"

"Ɗana, mu ruwa muka bi. Tafki na ja da baya, muna bin kifi. Ba wanda ya ce mana mun ƙetare iyaka."

Mun fi awa muna magana. Ya ce ƙafar Inna ta sake kumbura, ta hana a gaya mini don kada hankalina ya tashi. Bikin ƙanwata kuma an sa shi bayan Sallah, ba ni nan. Da na ajiye wayar ɗakin ya yi mini tsit, sai ƙarar ruwan sama a taga. Na rubuta maganar Kawu a bayan takardun malama, da Hausa, yadda ya faɗe ta.