Kafin ka biya kuɗin ɗaki a Samaru

Duk lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta fitar da sunayen sababbin ɗalibai sai kira ya yi ta shigo min, 'yan uwa da abokan arziki kowa na cewa ai kai ka zauna a Zariya, don Allah ka dubo wa yaronmu ɗaki. Toh na ga gara in rubuta abin da na sani kowa ya karanta, tunda dai maganar ɗaya ce nake ta maimaitawa a waya.

Jami'ar nan tun 1962 take, kuma yawan ɗalibanta ya daɗe da wuce yawan gadajen da ke Suleiman da Danfodio da Amina da Ribadu da sauran hostal ɗin, shi ya sa wanda bai dace da gado ba dole ya fita cikin gari, Samaru ko Hayin Dogo ko Bomo ko Zango, wasu har Palladan da Hanwa. Abu na farko dai ka san inda yaron zai riƙa ɗaukar darasi. Mai karanta lauya ko harkar mulki a harabar jami'ar ta Kongo yake, ɗan likitanci in ya yi nisa asibitin koyarwa na Shika zai koma, to in ka kama masa ɗaki a Samaru don kawai sunan da ka sani kenan, kullum sai ya shiga mota zuwa da dawowa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ba abin rainawa bane.

Amma abin da na fi so mutane su ji shi ne maganar ruwa, wallahi ita ce ke wahalar da yara fiye da komai. Dillali zai kai ka gida bayan damina, ya ɗaga murfin rijiya ya nuna maka ruwa har kana ganin fuskarka a ciki, kuma ba ƙarya ya yi ba, ruwan yana nan. Ka dawo a watan Maris ko Afrilu ka ga wannan rijiyar, guga na sauka sai ka ji ta daki ƙasa, ta fito da rabin ruwa rabin laka, yara na tashi tun kafin asuba su ja ɗan abin da ya taru cikin dare, wanda ya makara sai ya tsaya bakin ƙofa yana jiran 'yan garuwa su turo kura, su ma a lokacin sun ƙara kuɗin jarka, ga lakca ƙarfe takwas. In an ce maka akwai bohol kar ka tsaya nan, ka tambaya in babu wuta wa ke sayen man janareto a tura ruwa tanki, mai gida ne ko karo-karo 'yan haya suke yi. Sannan ka duba da idonka tazarar da ke tsakanin rijiya da masai, akwai gidajen da aka matse fili don a fitar da ƙarin ɗakuna har ramukan biyu suka kusa haɗuwa, daga nan ne ake ta kwasar taifot ana ɗorawa abincin waje laifi.

Duk wannan ba daga bakin dillali za ka ji ba, shi la'adarsa yake nema kuma sana'arsa ce. Ka sake komawa gidan da yamma kai kaɗai, ka yi sallama ka samu wani ɗan haya da ya shekara a ciki ka tambaye shi, ɗalibai basa ɓoye wa juna irin wannan. Kana ciki ka ɗaga kai ka kalli silin, in ka ga zagayen tabo ruwan kasa to rufin na yoyo, ka shafa gindin bango ka ji ko fenti na ɓarewa, sabon fenti yana rufe damshi na 'yan watanni ne kawai.

Wuta kuma yawanci mita ɗaya ce ga gida duka, a nan ake faɗa. Sanyin Zariya lokacin hunturu kowa ya san shi, kowa na son jona hita, wani na girki da lantarki wani ko ayan bashi da shi amma a ce kuɗi daidai za a raba. A yi maganar tun ranar farko.

Sai batun takarda. Hayar nan ta shekara ce kuma gaba ɗaya ake biya, bayan ita ga la'adar dillali wadda yawanci kashi 10 ce cikin 100, wasu gidajen har da kuɗin ajiya na abin da aka lalata. Kar ka tura ko sisi sai ka ga mai gidan ido da ido ko wakilin da maƙwabta suka shaida, a baka rasit, a rubuta ranar shiga da ranar ƙarewa da wanda gyaran famfo da kwashe masai ke kansa. Shekarar mai gida bata tafiya da ta makaranta, wannan kowa ya gani a 2022 da ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas ɗakuna na kulle da kwaɗo kuɗin haya na ta cinyewa, yara suka dawo aka ce su sake biya alhali zangon karatun bai ƙare ba. Akwai masu gidajen da suka yi rangwame, Allah ya saka musu da alheri, akwai waɗanda suka ce su ma da kuɗin suke ci da iyali, kuma ban ga laifinsu gaba ɗaya ba, tsoho ɗan fansho da ɗakuna huɗu ne duk abin da ya mallaka. Shi ya sa nake cewa a tambaya tun kafin a biya, in aka rufe makaranta ya za mu yi, a rubuta amsar ko da layi ɗaya ne.

Na 'yan mata ya fi buƙatar natsuwa. Da na raka 'yar yayata wani gida mai gidan ya zaunar da mu a zaure ya ce mata, "'Yata, ni ƙarfe goma nake rufe ƙofa, kuma baƙo namiji iyakarsa nan inda muke zaune, in kin amince bismillah." Ta ce, "Na amince Baba, amma lokacin jarabawa mukan kai dare muna karatu a aji." Ya ce to ta riƙa sanar da uwargidansa tun da rana a bar mata sakata. Ni irin wannan gidan na fi yarda da shi akan loj mai tayil da babu wanda ya san wanda ya shiga ko ya fita, domin Samaru garin mutane ne masu iyali da mai unguwa da masallatansu, yarinyar da maƙwabta suka sani suna amsa gaisuwarta ko zazzaɓi ya kama ta cikin dare akwai mai ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Wani abu da ya zama ruwan dare yanzu shi ne ɗalibin da ya gama ya sayar maka da ragowar watanninsa har da katifa da labule, a sanya a guruf ɗin WhatsApp a ce ɗaki ya faɗi. Yakan zo da sauƙi kam, amma ku je wurin mai gida tare da shi ya amince a canza suna a rasit, in ba haka ba ranar da watannin suka cika mai gida bai san da zamanka ba, ƙila ma ya riga ya karɓi kafin alƙalami daga hannun wani.