Yadda na shawo kan rautar gidanmu bayan komawa Windows 11

Kamfanin Microsoft ya sanar tun da wuri cewa ranar 14 ga Oktoba, 2025, zai daina tallafa wa Windows 10, kuma da yake a kwamfutata nake ajiye takardun aiki da lissafin gida, ban ga dalilin jira sai lokaci ya ƙure ba. Na duba na ga ta cika sharuɗɗan Windows 11, tana da guntun tsaro na TPM 2.0 da isasshen wurin ajiya, sai na kai ta wurin wani mai gyara a Sabon Garin Zariya. Ya kwashe mini takarduna, ya share komai, ya ɗora sabuwar manhajar daga tushe, kuma a shagonsa ta hau Wi-Fi lafiya ƙalau. Da na dawo gida Tudun Wada sai ta ƙi haɗuwa da rautar da muka daɗe muna amfani da ita, wato na'urar da ke raba intanet a gida, irin wadda ake saka wa layin waya. Tana ganin sunan Wi-Fi ɗin, tana karɓar kalmar sirri, amma daga nan sai ta ce ta kasa shiga.

Na kira mai gyaran na yi masa bayani, ya ce mini, “Malam, ka sami tsinke ka danna ɗan ramin da ke bayanta, za ta koma yadda aka sayo ta, komai zai daidaita.” Na gode masa, amma ban bi shawarar ba. Danna wannan rami yana goge duk abin da aka saita a rautar, tun daga sunan Wi-Fi da kalmar sirri har zuwa jerin na'urorin da aka yarda su shiga, wani lokaci har da saitin layin waya idan da hannu aka shigar da shi. Ga shi kuma wayar uwargida da ta babban ɗana suna kan intanet a daidai wannan lokaci, wanda ya nuna cewa layin yana da data kuma rautar tana aikinta. Abin da ya canza a gidan kwamfuta ce kaɗai, don haka daga wurinta ya kamata bincike ya fara.

Na ɗauko wayar sadarwa, wato kebul, na haɗa kwamfutar kai tsaye da ɗaya daga cikin ramukan da ke bayan rautar, nan take intanet ta zo. Na buɗe baƙin allon umarni na rubuta ipconfig, sai ya nuna mini cewa an ba kwamfutar adireshi mai farawa da 192.168.0, kuma adireshin rautar kanta 192.168.0.1 ne. Wannan umarni ya cancanci kowane mai rauta ya san shi, domin rautoci ba su da adireshi ɗaya: wasu 192.168.1.1 ne, wasu ƙananan da ake sawa a aljihu 192.168.8.1, kuma mutane da yawa suna ɓata lokaci suna buga lambar da ba tasu ba. Da adireshin da na gani ya fara da 169.254, da na san rautar ba ta ba kwamfutar komai ba, Windows ce ta laƙaba wa kanta lamba. Na rubuta ping, umarnin da ke gwada ko na'ura tana amsawa, tare da adireshin rautar, amsa ta dawo sau huɗu ba tare da ɓata ko ɗaya ba.

A nan matsala ta biyu ta fito, kuma ita ta fi ɗaure mini kai. Rautar tana amsawa, intanet tana tafiya, amma da na buga adireshinta a burauza domin in shiga shafin saiti, sai burauzar ta ƙi buɗewa, ta ce ba za ta iya ƙulla amintacciyar alaƙa da wannan shafi ba. Na gwada Edge, na sauko da Chrome, duk amsa ɗaya. Na rubuta http:// a gaban lambar da hannuna, rautar ta mayar da ni kan https, hanyar da ke ɓoye bayanai, da kanta. Sai da na karanta saƙon kuskuren a tsanake na gane inda gizo ke saƙar. Shafin rautar yana amfani da tsohon tsarin ɓoye bayanai, TLS 1.0, wanda aka fitar tun 1999, kuma manyan burauzoci sun daina karɓar sa da TLS 1.1 a shekarar 2020. A da ina buɗe shafin da wata tsohuwar burauza da aka kashe mata sabuntawa saboda tattalin data, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa, ita kuwa ta tafi tare da abin da aka share. Ban ga laifin sabuwar manhajar ba, domin tsarin da aka gano rauninsa bai kamata a ci gaba da amincewa da shi ba, rautar ce aka bari a baya.

Mafitar ta fito daga wata tsohuwar wayar Android da yara ke kallon karatu da ita, wadda burauzarta ta shekara da shekaru ba a taɓa ta ba, kuma tana cikin na'urorin da rautar ta sani. Da ita na buɗe shafin, na shigar da kalmar sirrin mai kula da na'ura, wadda ke rubuce a littafin lissafin gida. Wannan kalma daban take da ta Wi-Fi, kuma wanda ya bar burauza ta riƙe masa ita zai rasa ta ranar da aka share kwamfuta, don haka a rubuta ta a takarda kafin a kai gyara.

A cikin shafin na je jerin na'urorin da aka yarda su shiga. Na kafa shi ne shekarun baya, lokacin da kalmar sirrinmu ta zaga unguwa kuma data ta riƙa ƙarewa kafin rabin wata. Kowane katin Wi-Fi yana da lambar shaida mai alamomi 12, wadda ake kira MAC, kuma rautar tana duba ta kamar yadda mai gadi ke duba katin shaida a bakin ƙofa. Na rubuta ipconfig /all a kwamfutar na kwatanta, sai na ga lambar da take nunawa ta bambanta da wadda ke cikin jerin. A saitin Wi-Fi na Windows akwai zaɓin da ke sa kwamfuta ta riƙa gabatar da lambar da ta ƙirƙira maimakon ta asali, kuma a kunne na same shi. Zaɓin yana da amfani a otal ko filin jirgi, inda ba a so a riƙa bin sawun mutum, amma a gida ya mayar da kwamfutata baƙuwa. Na kashe shi, na cire wayar sadarwa, ta haɗu nan take. Wayoyi ma suna yin haka tun daga Android 10 da iOS 14, don haka duk wanda ya kafa irin wannan jeri ya sa ran wata rana sabuntawa ko share waya zai fitar da ɗan gida waje.

Tunda na samu shiga, na duba tsaron Wi-Fi ɗin na ga yana kan gaurayen tsarin da ya haɗa da TKIP, tsohuwar hanyar ɓoye bayanai wadda Windows ta fara gargaɗi a kanta tun 2019. Na mayar da shi WPA2 tare da AES, tsarin da ya fi ƙarfi, na sa doguwar kalmar sirri sabuwa. A ganina wannan ya fi jerin lambobi tsare gida, domin mai ɗan ilimin kwamfuta zai iya kwaikwayon lambar MAC cikin sauƙi, amma ba zai iya cinkar doguwar kalma ba. Duk da haka na bar jerin, saboda yana hana yaro ya ba abokinsa kalmar a shiga kai tsaye.

Abin da ya rage shi ne shafin saitin, domin dogaro da tsohuwar waya ba tsari ba ne mai ɗorewa. Na duba lambar samfurin da ke ƙarƙashin rautar, na sami sabuwar manhajar cikinta a shafin kamfanin da ya ƙera ta, na tabbatar lambobin sun yi daidai harafi da harafi. Kafin in fara sai da na jona rautar da batirin ajiyar wuta, saboda idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar wannan aiki na'urar tana iya mutuwa gaba ɗaya, kuma a Zariya wannan ba abu ba ne da mutum zai bar wa sa'a. Na kuma adana kwafin saitin a kwamfuta ta hanyar zaɓin da shafin ya tanada. Bayan ta sake kunna kanta, Edge ta buɗe shafin, sai dai ta yi gargaɗin cewa rautar ce ta sa wa takardar shaidarta hannu da kanta, abin da aka saba gani a na'urorin gida kuma ana iya wucewa idan adireshin na cikin gida ne. Da kamfanin ya daina fitar da sabuntawa ga wannan samfuri, da sayen sabuwar rauta ne kawai zai raba gardama.