Baƙi da fari a jikin motar sintiri: abin da mai fenti yake dubawa

Sana'ata ita ce feshin fenti da liƙa sitika a jikin motoci, kuma a cikin ayyukan da ƙaramin kamfanina yake karɓa babu wanda ake daɗewa ana ja-in-ja a kansa kamar launin motocin sintiri na 'yan sanda. Duk lokacin da wata runduna za ta sabunta motocinta, sai an samu manyan jami'ai masu son a koma launin da aka san su da shi tun da, masu riƙe da kasafi kuma suna tambayar nawa abin zai ci. Ni ina bayan tsohon launi, wato baƙi da fari, amma da sharaɗi.

Amfaninsa shi ne ido ya saba da shi. Wanda yake neman ɗauki ba ya tsayawa karanta rubutun jikin ƙofa, launi yake hangowa daga nesa ya ɗaga hannu. Baƙi da fari na 'yan sandan Los Anjelis da na masu sintirin manyan hanyoyin Kalifoniya ya zauna a idon jama'a har ma wajen Amurka, Japan kuwa tun 1955 ta tsayar da shi ga motocin sintirinta. A Italiya, motar Karabiniyeri, wato 'yan sandan da ke cikin rundunar soja, shuɗiya ce mai duhu da farin rufi da jan zane, ta 'yan sandan ƙasa kuma shuɗiya mai haske, kowa ya san bambancinsu. Jamus da ta bar kore ta koma shuɗi daga farkon shekarun 2000 ta shafe fiye da shekara goma kafin jihar ƙarshe, Bavariya, ta bi sahu.

A gareji kuwa launi biyu aiki biyu ne. Mota tana fitowa daga masana'anta da launi ɗaya, saboda haka idan baƙa ce aka ce a mayar da ƙofofi da rufi farare, sai mun cire hannun ƙofa da madubi da robar gilashi, mun goge da sanfefa, mun rufe sauran bodi da takarda da salatif, sannan a fesa a jira ya bushe. Wurin da nake fara dubawa in yara sun gama shi ne bakin ƙofa ta ciki, domin nan ne mai gaggawa yake barin layin fenti ya karkace, kuma jami'in da zai karɓi motar yana buɗe ƙofa zai gani.

Shi ya sa yanzu shawarar da nake bayarwa ita ce a sayi mota mai launi ɗaya a lulluɓe ƙofofin da farar sitika ta leda. Ana shimfiɗa ta ne da iska mai zafi, ana matse kumfa daga tsakiya zuwa gefe, a naɗe bakin ta ciki don kada ruwan wanki ya ɗaga ta. Ribarta tana bayyana ranar gwanjo: a ɓare ledar, mota ta koma irin ta kowa ta samu mai saye, maimakon a sake kashe kuɗin feshi. Da wannan lissafin ne jihohin Jamus da dama suka riƙa ɗaukar motoci masu ruwan azurfa suna liƙa musu leda. Sai dai leda tana barin tabo, domin rana tana koɗar da fentin da ke fili ta bar wanda ke ƙarƙashin haruffa sabo, har a iya karanta sunan rundunar bayan an ɓare. Wannan sai an bi shi da injin goge fenti kafin motar ta fita hannun hukuma.

Sharaɗin da na ambata ya shafi dare. Baƙar mota da ta tsaya a gefen titi cikin duhu ko ruwan sama ɓacewa take yi, farar ƙofa kuma ba ta taimakon direban da ke tahowa daga baya. Birtaniya ta ɗauki wannan matsala da muhimmanci a tsakiyar shekarun 1990, ta fito da tsarin Batinbag, wato manyan murabba'ai na shuɗi da rawaya, inda rawayan ke ɗaukar ido da rana, ledar kuma ke mayar da hasken fitila da dare. Ba na cewa kowace runduna ta kwaikwaye su, amma ba na sallamar baƙar mota sai da zane mai ƙyalli a tsawon gefenta da kuma ja da rawaya a bayanta. Rufi ma fari nake so a bar shi, saboda yana rage zafi ga wanda zai wuni a ciki, kuma manyan lambobin da ake rubutawa a kansa domin jirgi mai saukar ungulu sun fi fitowa a kan fari.